JAWABIN KWAMITIN MOTA: TSOHUWAR FIJO TAMU, A SAYAR KO A RIƘE?

Wanga shi ne jawabin da kwamitin mota ya karanta gaban taron ƙungiya na shekara, nan Abala, bayan an gama girbi. Mun buga shi gaba ɗai cikin wagga takarda saboda ƴan uwa na nesa da ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da ma'aji, ƴan uwa da kunka taso daga Yamai, da ku da takardar nan za ta iske Kano, Legas, Kotonu, Kumashi ko Abijan, muna gaishe ku gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Allah shi bar zumunci.

Wata shida ke nan da kunka ɗora mana aiki, mu biyar, kunka ce mu duba motar ƙungiya mu kawo muku amsar tambaya guda: a sayar da ita, ko a riƙe ta? Mun duba, mun tambayi masu sani, mun shiga ƙarƙashinta da idonmu. Amsarmu ita ce a riƙe ta, amma da sharaɗi. In irin riƙon da munka yi mata shekarun baya za a ci gaba da shi, gara a sayar tun yau. Ku yi haƙuri ku saurare mu har ƙarshe, don maganar tana da ɗan tsawo.

1. ABIN DA YA FARU DA BAZARA

Kowa ya ji labarin, amma ba kowa ya ji shi daidai ba. Da bazarar da ta wuce, tsakiyar zafi, wata ɗiyarmu ta kwana tana naƙuda. Da asuba anka sa ta cikin mota zuwa gidan likita na Abala. Can anka duba ta anka ce a wuce da ita Filinge. Mota ta kama hanya da hantsi. Kafin su kai Tukunus sai tururi ya taso daga gaban mota, inji ya mutu. Direba ya ruɗe, ya ɗebo ruwan sanyi ya zuba ma inji shina tafasa. Mota ba ta sake tashi ba. Sun yi awa uku gindin wata aduwa kafin wata babbar mota ta tsaya ta kwashe su. Allah ya yi uwa tana da sauran kwana. Jinjirin ya koma. Allah shi sa mai ceto ne, shi ba iyayenshi haƙuri.

Ajali na Allah ne, babu mai jayayya. Amma malamanmu sun koya mana tawakkali ba shi hana mutum ɗaure raƙuminshi. Da anka jawo mota gida munka buɗe ta, ga abin da munka iske. Tiyon ruwa na ƙasa ya daɗe da tsagewa, an naɗe shi da robar taya. Allurar da ke nuna zafin inji ta fi wata bakwai ba ta motsi. Fanka ba ta kamawa. Cikin radiyater kuwa, wanda ƴan Najeriya ke ce ma lagireto, farin dutse ya toshe rabin hanyoyin ruwa.

Wasu sun ɗora laifi ga direba. Mu ba mu yarda ba. Sau uku shina faɗi a sayi tiyo, sau uku ana ce mishi a bari sai an sayar da hatsi. Wasu daga cikinmu da ke tsaye gabanku yanzu muna wurin lokacin da anka faɗi haka. Kuɗin tiyon bai kai kuɗin ɗan akuya ba. Laifin namu ne duka, domin mota ta zama ta kowa wajen hawa, ba ta kowa ba wajen kulawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

2. WACE IRIN MOTA CE GARE MU

Yaran yanzu na yi mata dariya, suna ce mata kaka. Ya kamata su san asalinta. Sunanta Peugeot 504, mu muna cewa Fijo. Kamfanin ya fitar da 504 a Faransa cikin 1968, a 1969 anka zaɓe ta motar shekara ta ƙasashen Turai. A 1975 ita ta cinye tseren Safari na ƙasar Kenya, ta cinye na Bandama a Kodebuwa, ta cinye na Maroko, duk shekara guda, kuma duk bisa hanyoyin ƙura da duwatsu irin namu. Yayarta 404, wadda dattawa sunka sani a tashar Filinge tun zamanin Diori Hamani, ta ci Safari sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. Cikin 1975 anka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa 504 can har bayan shekara ta 2000, Faransa ta daɗe da bari. Mai buɗaɗɗen baya irin tamu, da muke kira bashe, ƴan Najeriya na ce mata a-kori-kura, ta fito daga 1979. Tamu haɗin Kaduna ce.

Injinta na isansi ne, wato fetur, mai silinda 4. Gangar injin baƙin ƙarfe ce, amma murfin sama, wanda makanikai ke kira kilas, na alminiyum ne, irin na tukwanen da ake zubawa a kasuwar Katako. Ku riƙe wagga magana, don ita ce tushen abin da za mu faɗi: alminiyum ba shi jimirin zafin da ya wuce kima. In ya tafasa sai shi lanƙwashe, in kuma an zuba mishi ruwan sanyi shina da zafi sai shi tsage. Abin da ya same mu ke nan kusa da Tukunus.

Kilomita nawa ta yi? Agogonta ya mutu tun ba yau ba. Amma ku lissafa: Yamai zuwa Filinge wajen kilomita 180 ne, zuwa Abala wajen 250. Shekara nawa tana wagga hanya, ban da kasuwar Baleyara ranar Lahadi, ban da biki da jana'iza? Ta yi aikin da ya isa a girmama ta.

3. DON MI MUNKA CE A RIƘE TA

Na fari, ƙashinta lafiya lau. Mun wanke shasi tun daga gaba har baya mun bi shi da fitila, ba tsagewa, ba tsatsa mai cin ƙarfe. Wannan alherin busasshiyar ƙasa ne. Motar da ta zauna Kotonu ko Legas, iskar teku kan cinye ta ta ƙasa. Bayan an sa wani kilas, makaniki ya auna ƙarfin matsi na silinda huɗu ya iske sun yi kusa da juna. Ke nan zuciyarta na da sauran aiki.

Na biyu, mota ce da ake gyara ta da sifana da sukurdireba gindin icce. Motocin da ake shigowa da su yanzu suna da daɗin hawa, amma kwamfuta ke tafiyar da injinsu. In ta ɗauke, sai an kai ta inda ake da na'urar karanta ta, ko a ɗauko mai na'urar a biya mishi mota da abinci. Ga su kuma da ƙasa-ƙasan ciki, rairayin da ke tsakanin garinmu da babbar hanya ba shi ragar musu.

Na uku, kuɗi. Dattawa na tune da watan Janairu na 1994, ranar da anka karya darajar sefa rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka. Tun ran nan sabuwar mota ta fi ƙarfin ƙungiya irin tamu. A 2023 kuma iyakoki sunka rufe, hanyar Kotonu da motoci ke biyowa ta rikice. Abin da za a ba mu in mun sayar da Fijo ba shi sayen wata mai lafiya. Sai dai mu sayar da ciwon da munka sani mu sayo wanda ba mu sani ba.

Na huɗu, kun ga abin da ya faru a Janairun 2020, da hukuma ta hana yawo da babur a sassa da yawa na jihar Tillaberi saboda tsaro. Garin da ba shi da mota ya koma ga amalanken jaki wajen kai maras lafiya. Mu Allah ya rufa mana asiri da wagga tsohuwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma ba za mu ruɗe ku ba, ba ta dawwama. Ranar da shasi ya tsage, ko gangar inji ta fashe, maganar gyara ta ƙare. Don haka za ku ji cikin roƙonmu mun sa tanadin magajiyarta.

4. AIKIN DA ZA MU YI DA HANNUNMU A GIDA

Mafi yawan abin da ke kashe tsohuwar mota ba shi bukatar garaji. Ido da lokaci shike bukata. Mun kasa shi biyar.

RUWA. Nan ƙasar Kurfai, watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 cikin inuwa. Mota cikin rairayi tana aiki da ƙaramin giya, inji na kuka, iska kuwa ba ta shiga gaba sosai. Saboda haka ruwa shi ne ranta. Kowace safiya, kafin a tada inji, a buɗe radiyater a duba. Ba a buɗe shi in inji na da zafi, ruwan kan yi tsalle ya ƙone fuska. A matsa tiyo na sama da na ƙasa da hannu. Wanda ya yi tauri kamar icce, ko ya yi laushi kamar tuwo, ko ya kumbura kusa da maɗauri, a canza shi ran nan, ba a naɗe shi. A danna kuruwa, wato bel ɗin fanka, da babban yatsa. In ta nutse fiye da faɗin yatsa guda a ɗaure ta, in ta fara tsattsagewa a sa wata.

Ruwan da ake zubawa ma akwai magana. Ruwan wasu rijiyoyinmu na Dallol shina da gishiri da kanwa. Ku duba cikin butar shayi da ta daɗe ku ga farin dutsen da ke manne. Haka shike yi cikin radiyater, kuma kanwa tana cin alminiyum. Mun shawarta a tari ruwan sama da damina, a tace, a aje cikin jarka biyu masu murfi, na mota kaɗai, a riƙa haɗa shi da ruwan maganin radiyater da ake saidawa a gidan mai, don shi ke hana tsatsa. Sau guda a shekara, kafin bazara, a zubar da tsohon ruwa a wanke ciki. Bayan damina kuma a wanke gaban radiyater daga baya zuwa gaba, saboda ƙaiƙayi da ƙarangiya da fari na toshe shi.

Akwai wani ɗan ƙarfe a bakin tiyon sama, kalorista, wanda ke tsare ruwa har inji shi ɗumama, sa'an nan shi buɗe. Makanikai da yawa kan cire shi su yar, wai ƙasarmu zafi. Mu mun ce a bar shi. Da sanyin hunturu injin da ba shi da kalorista kan daɗe bai ɗumama ba, shi sha isansi da yawa, shi ci kanshi. Gwajinshi mai sauƙi ne: a jefa shi tukunyar ruwa bisa wuta. In ya buɗe baki kafin ruwa shi tafasa, lafiya lau. In bai buɗe ba, a sayi wani.

In kuma Allah ya kawo tsautsayi allura ta hau ja bisa hanya, a tsaya, a kashe inji, a ɗaga murfin gaba, a jira har a iya aza hannu bisa inji. Sa'an nan a ƙara ruwa kaɗan kaɗan. Rabin awa na jira ya fi awa uku gindin aduwa.

BAƘIN MAI. Injinta na ɗaukar wajen lita 4. A ja sandar awo kowace safiya, mota na tsaye wuri daidaitacce. Kamfani ya ce a yi juye kowane kilomita 5000, amma da ƙurarmu mun ga a yi shi kowane 3000, tare da sabon filta. Ga tsohon inji cikin zafi, mai kauri mai lamba 20W50 ya fi dacewa. A sayi wanda ke cikin galan rufaffe, kar a sayi na awo cikin kwalba, don wani tsohon mai ne anka tace. In kun ga mai ya koma kamar kunu da madara, ko kumfa na tasowa cikin radiyater inji na aiki, ruwa da mai sun haɗu, juwan kilas ya ƙone. Kar a tada mota. Tsohon mai da anka juye kuwa, kar a zubar kusa da rijiya, kuma iyayenmu makiyaya ku bar shafa shi ga ƙazuwar raƙumi, akwai dafi cikinshi.

ƘURA DA ISANSI. Ƙurar da ta shiga inji kamar tsakuwa ce cikin tuwo, tana goge silinda a hankali har mota ta fara hayaƙi. Matatar iska ta motarmu mai kwanon mai ce: iska na bugun mai, ƙura ta liƙe. Da hunturu a buɗe kwanon kowane mako, a kwashe laka, a wanke, a zuba sabon mai daidai alama. A duba robar da ta haɗa shi da karbirater, don in ta huje duk wahalar banza ce.

Isansi kuma, tun da anka buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011 muna da na gida. Na kwalba da ke fitowa daga Najeriya ya bar araharshi ta da, tun da anka cire tallafi can a watan Mayun 2023. Duk inda ya samu a sha a gidan mai. In dole ta sa an sayi na jarka, a bar shi shi kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, kar a juye na gindi, don ruwa da datti can suke zama. Kuma yara su bar zuƙo isansi da baki ta tiyo. In ya faɗa huhu ciwo ne babba.

WUTA. Buji huɗu, ƴan Najeriya na cewa fulogi, a kwance su kowane juye na biyu a karanta fuskarsu. In bakin ya yi launin soyayyar gyaɗa, inji lafiya. In baƙin toka ne busasshe, isansi ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. In da maiƙo, inji na ƙona baƙin mai. Tazarar bakin buji milimita 0,6 ce, ta bis-filatine da ke cikin delko milimita 0,4. Ana auna su da ƴan siraran ƙarafan awo, mun riga mun sayo. Wutar na bin silinda da tsari 1, 3, 4, 2, saboda haka kar a cire wayoyin gaba ɗai, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Batir a wanke kawunanshi, a ɗaure shi kar shi yi rawa bisa hanya, in ruwa ya ragu a ƙara tataccen ruwa na batir. Batir mai lafiya in ya huta shina nuna wajen volt 12,6, in inji na aiki wajen 14.

BIRKI DA TAYA. Man birki na shan danshi ko ba a taɓa shi ba, don haka a canza shi kowace shekara biyu. Mun ji ana zuba ruwan sabulu ko baƙin mai in ya ƙare bisa hanya. Wallahi wannan wasa da rai ne, baƙin mai na kumbura robobin birki su lalace. A aje gwangwani guda rufaffe cikin mota. Taya kuwa tana da ranar haihuwa rubuce a gefenta, lamba huɗu cikin ɗan zobe. In an rubuta 2319, an yi ta mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa ko zanenta na da kyau tana iya fashewa da zafin rana. Cikin rairayi ana rage iska kaɗan don mota ta bi sama, amma da an hau babbar hanya a mayar. Don haka famfon hannu ba shi fita daga mota. Kowane wata a bi ƙusoshin ƙafa da na lam, wato sifirin na baya, da sifana, a sa giris inda ake sawa. Kuma kar wanda ya shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai. A tokare ta da kututture.

5. ABIN DA BA NA GIDA BA

Sanin iyaka ma gyara ne. Daidaita bawul, ana yin shi inji da sanyi, milimita 0,10 ga na shiga, 0,25 ga na fita, wannan yaranmu na iya koya gaban makaniki. Amma cire kilas a bar ma wanda ya san Fijo. Dalili kuwa, silindar wanga inji riguna ne na ƙarfe da ake zurawa cikin ganga, makanikai na ce musu shemiz, ruwa na kewaye da su. In an cire kilas ba a danne su ba, wani ya juya inji ko kaɗan, sai su ɗaga, abin da ya toshe gindinsu shi saki, ruwa shi gangara cikin mai. Aikin yini guda ya koma sauke inji gaba ɗai. Haka nan babban famfon birki, da sitiyari, da walda bisa shasi, duk na masu sana'a ne.

6. ƘARIN DA MUNKA YARDA DA WANDA MUNKA ƘI

Ƴan uwa na waje sun aiko da shawarwari da yawa, mun gode. Mun auna kowace da tambaya guda: shin tana taimakon mota ta kai maras lafiya Filinge?

Mun yarda da sabuwar allurar zafi, a haɗa ta da ƙaramar ƙararrawa mai kuka in ruwa ya wuce kima, don direba cikin rairayi idonshi na ga hanya. Mun yarda a kai radiyater Yamai a sa mishi sabon ciki mai layuka da yawa. Fankar wasu 504, har da tamu, wuta ke kama ta in ruwa ya yi zafi, wutar kuwa tana bi ta wani ɗan gawayi mai cinyewa. Namu ya cinye ba wanda ya sani. Mun yarda a ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum. Za ta ɗan ƙara shan mai, mun ɗauka. Mun yarda a sa ɗan akwatin wuta na zamani cikin delko a madadin bis-filatine, wanda ba shi gogewa, ba shi bukatar awo, amma tsohon a naɗe shi a aje cikin mota saboda ɓacin rana. Mun yarda da ƙarin filtar isansi mai gani-har-hanji kafin famfo, da makashin batir don kar wuta ta tsiyaye in mota ta kwana biyu tsaye. A baya kuma a sa sabon tanti, da katifa mai rigar leda, da fitila, da wurin cajin salula.

Mun ƙi ƙarin lam. An gina bashe don ton guda da ɗan kai, wato buhun hatsi goma masu kilo 100 da direba da yaronshi. In an ƙara lam, baya ba za shi zauna ba, ido shi ga kamar da sauran wuri, alhali gadar baya da birki da taya suna nan yadda suke. Nauyin sai shi koma ga shasi, shasin da munka ce shi ne ranar ƙarshe. Mun ƙi manyan tayu, suna wahal da giya. Mun ƙi cire tukunyar salansa don ƙara. Mun ƙi rediyo mai manyan lasifika da fitilun ado. Maganar sauya inji da na gazuwal kuma mun aje ta, tunda wanda ke ciki bai gaza ba.

7. ROƘONMU GA TARO

Na ɗaya, a buɗe asusun mota dabam da asusun ƙungiya. Kowane ɗan ƙungiya da ke waje jikka guda a wata, na gida kwano biyu na hatsi da kaka. Duk wanda ya ɗauki mota don biki ko kasuwa shi biya, maras lafiya da mai naƙuda isansi kaɗai, in babu a tafi a yi maganar daga baya. Kashi biyu cikin uku na gyara da asiransi da takardu, kashi guda a kulle shi don magajiya.

Na biyu, direba shi sami iznin sayen abin da bai wuce jikka goma ba, ba sai an tara mutane ba. Shi kawo rasit.

Na uku, littafi guda shi zauna cikin mota. A gyara agogon kilomita, a rubuta kowace tafiya, kowane juye, kowane abin da anka canza, da ranar. A karanta shi gaban taro kowace shekara.

Na huɗu, safiyar Juma'a mota ba ta fita sai don ciwo. Ranar dubawa ce. A ba mu samari biyu masu natsuwa su tsaya da direba su koya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, gare ku ƴan uwa na nesa. Mai zuwa gida daga Kano shi biya Ƙofar Ruwa, na Kaduna shi biya Panteka, na Yamai kun san wuraren. Abin da muke so: tiyo na sama da na ƙasa, kuruwa, buji, filtar mai, murfin delko, juwan kilas, famfon ruwa. Ku tambaye mu kafin ku saya, za mu aiko muku da hoton tsohon ta salula. Ku nemi mai kyau ko da tsada, araha ba ta ado. Tsarabar da ta fi turare da shadda bana ita ce tiyo guda.

Na shida, gare ku iyayenmu, da girmamawa muke faɗi. In direba ya ce kaya sun isa, ku tsaya mishi. Yaro ne, ba shi iya ce ma baffanshi shi sauke buhu. In babba ya yi magana kowa za shi ji. Kuma ranar da ya ce mota ba ta da lafiya, kar a ce mishi shi lallaɓa.

Jama'a, akwai mata masu ciki garin nan yanzu da za su haihu da bazara mai zuwa. Tsakaninmu da zafi wata biyar ne. In taro ya amince yau, radiyater na iya tafiya Yamai makon gobe, sauran aiki mu gama shi kafin sanyi shi fita. Muna roƙon shugaba shi sa a ɗaga hannu bisa waɗanga abubuwa shida ɗaya bayan ɗaya, ma'aji kuma shi buɗe littafi tun kafin a watse.

Inda munka yi kuskure ku gafarce mu. Allah shi ba ƙasarmu lafiya da kwanciyar hankali, shi kiyaye matafiyanmu, shi sauki mata lafiya, shi jiƙan magabata. Amin.



Kwamitin mota